Tsohuwar Land Cruiser da sabuwa: wa ya kamata a saya wa wacce?

A ƙarshen shekarar 2023, watanni kaɗan bayan janye tallafin man fetur, labari ya bazu cewa majalisar tarayyar Najeriya za ta saya wa 'yan majalisar wakilai 360 da kuma sanatoci sababbin motoci ƙirar jif, Prado da Land Cruiser. Jaridu suka ce kowace ɗaya ta kai kimanin naira miliyan 160. Da surutu ya yi yawa, cikin hujjojin da aka kawo har da cewa hanyoyin ƙasar nan sun lalace, ɗan majalisa kuma dole ya riƙa shiga lungu da saƙo na mazaɓarsa, ƙaramar mota ba za ta jure ba. Jama'a sun fi mayar da hankali kan yawan kuɗin, kuma da gaskiyarsu. Ni hujjar ce ta tsaya mini a rai, domin ta taɓo tsohuwar gardamar da direbobi da makanikai ke yi a bakin gareji: in hanya ta ɓaci da gaske, wacce ce motar hanya, tsohuwar jif ko ta zamani?

Gardamar tana da daɗin yi saboda ba sai an je gidan ajiye kayan tarihi ba. Kamfani ɗaya, Toyota, shi ke ƙera duka biyun har gobe. Land Cruiser samfurin 70 ta fara fitowa a 1984, kuma ba a daina ƙera ta ba. Ita ce farar motar nan mai kama da akwati da ake gani ɗauke da tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, ko na Red Cross, ko na ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, a Maiduguri da Diffa da gabashin Chadi. Akwai a-kori-kura mai lamba 79, akwai doguwa mai rufi mai lamba 78 wadda ake mayarwa motar ɗaukar marasa lafiya. A ɗaya ɓangaren ga samfurin 300 da ya fito a 2021, magajin 200 ɗin nan mai injin V8 da manya suka yi yayi. Shekara 37 ke tsakanin haihuwarsu.

In a takarda za a yi gasar, an gama tun kafin a fara. Injin da ya yi wa 70 suna a Afirka, wato 1HZ, na dizal ne mai lita 4.2, silinda shida a jere, babu turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi), ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba. Injin fetur na 300 silinda shida ne shi ma, amma da turbo biyu, yana ba da ƙarfin doki sama da 400, ga giya goma da ke sauya kansu. Na dizal ɗinta, mai lita 3.3, ya haura doki 300. An rage mata nauyin kusan kilo 200 idan aka kwatanta da wadda ta gada, ta hanyar yin ƙofofi da rufi da murfin inji da alminiyam. Tana da kyamarori da ke nuna wa direba abin da ke gaban taya. Tana da maɓallin da za ka murɗa ka gaya mata yashi ne ko laka ko duwatsu, ita kuma ta san yadda za ta raba wa kowace taya ƙarfi. Direban da bai taɓa barin kwalta ba zai iya fitar da ita daga yashin da gwanin direba zai yi gumi kafin ya fitar da tsohuwar. Duk wanda ya ce maka sabuwar ba ta iya daji, bai hau ta ba.

Inda suka rabu shi ne ranar da aka samu matsala, kuma babu motar da wannan rana ba ta zuwar mata.

A ce tsakanin Tanut da Agadas ne, ko can cikin tuddan yashi na Yusufari, mota ta mutu. Injin 1HZ abu uku yake nema: iska, mai, da matsi a cikin silinda. Famfon da ke tura mai cikin nozul na ƙarfe ne zalla, juyin inji ke tafiyar da shi, ba kwamfuta ba. In matatar mai ta toshe, a kwance ta a wanke ko a sauya, a fitar da iskar da ta shiga layin mai, a tayar. In batir ya yi sanyi, giyar hannu ce, a samu majiya ƙarfi su tura. In sifirin na baya ya karye, faranti ne na ƙarfe, a ɗaure shi da itace da igiyar roba a lallaɓa zuwa garin gaba, mai walda ya ɗinke. Duk makanikin da ya taɓa buɗe injin babbar mota ko na tarakta ko na injin niƙa zai gane abin da yake kallo. Kayan aikinsa sifana ne da sukundireba da kunnensa.

Sabuwar kuwa jikinta cike yake da ƙananan na'urori masu auna zafi da iska da hayaƙi da gudun kowace taya, duk suna kai rahoto ga ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikanmu ke kira birenbos. Ɗaya daga cikinsu ya lalace, ko ɓera ya ci waya, ko ruwa ya shiga mahaɗar wayoyi lokacin ƙetare rafi, sai fitila ta kama a gaban direba, motar ta rage wa kanta ƙarfi don kare injin, wani lokaci ta ƙi tashi ɗungurungum. Ba a tura ta. Ba a gane ciwonta da kunne, sai an jona mata na'urar bincike. In an gano, abin da ya lalace ba a gyara shi, sauyawa ake yi, kuma ba a Kofar Ruwa ko Panteka za a tsince shi a kan tebur ba. Sai an aika Legas ko Dubai, da dala. Bodin alminiyam ma ba kowane mai walda ke iya taɓa shi ba. Mafita ɗaya ce, janwe, kuma janwe ba ya zuwa inda ake buƙatar jif tun farko.

Kar a fahimce ni baibai: sabuwar ba ta yawan lalacewa. Wataƙila ma a shekarunta biyar na farko ta fi tsohuwar zama lafiya. Sai dai tsohuwar in ta yi ciwo goma, tara ana maganinsu a gefen hanya, sabuwar kuwa ko ɗaya ta yi sai an kai ta birni.

Sai batun mai, wanda masu sayen mota ba su cika tunawa da shi ba sai sun ji a aljihunsu. Injin dizal na zamani yana fesa mai da matsin da ya kai kusan 2,000 a ma'aunin matsi na "bar", ta ramukan da suka yi kusa da sirantar gashi. Ɗigon ruwa ko ƙura ko kananzir da aka gauraya a cikin man ya isa ya cinye famfo da nozul gaba ɗaya. An ƙera shi ne da tunanin man Turai, inda doka ta taƙaita sinadarin sulfa a kashi 10 cikin miliyan. A yankinmu shekaru da yawa ana sayar da dizal mai ɗauke da har kashi 3,000, abin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fallasa a rahotonta na 2016, kafin ƙasashen ECOWAS su amince a 2020 a sauko da shi zuwa 50. Amincewa a takarda daban, abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a ƙauyen da babu gidan mai daban. Masu injin fetur ma ba su tsira ba: a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, ya lalata wa mutane motoci, hukuma da kanta ta amsa. Tsohon inji zai sha gurɓataccen mai ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi, ya ci gaba da tafiya. Wannan ne ya sa Toyota ta ci gaba da ƙera 1HZ don kasuwannin irin namu bayan dokokin hayaƙi sun kore shi daga Turai da Japan, kuma kamfanin da ke Jibralta mai sayar wa ƙungiyoyin agaji motoci ya daɗe yana tara irinta. Waɗannan ƙungiyoyi ba kuɗin sayen 300 suka rasa ba. Sun yi lissafin abin da zai faru in mota ta tsaya da mai naƙuda a ciki.

Maƙwabtanmu na Chadi sun san wannan tun 1987. A yaƙinsu da Libiya, dakarun Hissène Habré ƙarƙashin Hassan Djamous sun fuskanci tankokin Gaddafi da a-kori-kurar Toyota ɗauke da makamai masu linzami da Faransa ta ba su, suka ci Fada a watan Janairu, suka ci Wadi Dum a watan Maris, har duniya ta sa wa yaƙin sunan kamfanin motar. Sauƙi da sauri da rashin buƙatar rundunar injiniyoyi a baya su suka yi aiki. Abin takaici, darasin da ya fi shiga kan masu ɗauke da bindiga a Sahel ke nan fiye da masu tsara kasafin kuɗi.

Land Rover ta bi wata hanyar. A watan Janairun 2016 aka rufe layin ƙera tsohuwar Defender a Solihull ta Ingila, motar da asalinta ke komawa 1948. Da sabuwar ta bayyana a 2019, ana haɗa ta a Sulobakiya, sai ga mota mai kyau da ƙarfi da tsada, wadda manoman da suka riƙe tsohuwar suka ce ba tasu ba ce. Har wani attajirin Birtaniya, Jim Ratcliffe, ya kafa layin ƙera wata jif mai suna Grenadier don cike gurbin. Amma wanda ya hau tsaunin Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba zai ga tsofaffin Land Rover da suka girmi direbobinsu suna ɗaukar buhuna da fasinja daga Gembu zuwa ƙauyukan da damina ke yanke wa hanya. Kusan babu abin da ya rage na asali a jikin wasunsu, an sauya inji, an ɗinke shasi, an ƙera ƙofa. Suna raye ne saboda mutanen wurin sun iya su ciki da waje. Ina shakkar a samu sabuwar Defender tana wannan aiki a can nan da shekara arba'in.

To, a nan ne masoya tsohuwar jif ke cewa da tsohuwar zuma ake magani, su tafa, su tashi. Ban bi su har can ba.

Tsohuwar ƙira tana kashe mutane a kan kwalta. Mota ce doguwa, mai nauyi a sama, siririya. A kauce wa rami ko akuya da gudun kilomita 110, sai ta wuntsila. Na'urar da ke hana mota zamewa da juyawa, wadda ke taka wa kowace taya birki daban cikin ƙiftawar ido, Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci tun 2012, Tarayyar Turai tun 2014, kuma irin waɗannan dogayen motoci ne suka fi amfana da ita. Tsofaffin 70 da Defender ba su da ita. Da yawansu ba su da jakar iska ko ɗaya. Bencin baya na doguwar 78, inda mutane ke zama suna fuskantar juna, wurin karyewar wuya ne in aka yi karo. Mutanenmu suna son su ƙwanƙwasa bodi su ce wannan ƙarfe ne, ba gwangwani ba. Gaban sabuwar mota da gangan aka yi shi ya lotse, don ya shanye ƙarfin karon kafin ya iso ƙirjin direba. Motar da ta fito daga haɗari ba ko kwarzane, sau da yawa na cikinta ne suka shanye. In tafiyar Kano zuwa Abuja ce da iyalina, sabuwar zan sa su ba tare da dogon tunani ba. Ga hayaƙin da tsohon dizal ke zubarwa a fuskar mai talla a bakin titi, ga ciwon bayan da direba ke kwana da shi bayan yini guda a hanya mai gargada. Direbobin ƙungiyoyin agaji suna yaba 70, amma ka tambaye su ƙugunsu.

Akwai kuma ruɗun da ya kamata a warware. Tsohuwar ƙira daban, tsohuwar mota daban. Wanda ya je ya sayi Land Cruiser 80 ta shekarar 1994 'yar Kwatano, wadda ta yi hannu biyar, aka cika ta da jabun kayan gyara, don ya ji an ce ba ta mutuwa, zai san hanyar gareji fiye da hanyar gidan surukansa. Abin da nake karewa shi ne mota sabuwa fil mai sauƙin gini, ba gajiyayyen ƙarfe ba.

Yanzu a dubi yadda muke raba su da kuɗin jama'a. Wa ke shiga daji da gaske? Masu allurar rigakafi da ke ɗauke da akwatin sanyi. Ungozoma da ma'aikacin asibitin karkara. Malamin gona, malamin dabbobi, mai duba makarantun firamare, injiniyan da ke gyaran famfon burtsatse. Akasarinsu a kan ɗan acaɓa suke zuwa, wasu da kuɗin aljihunsu, wasu kuma sun daina zuwa, suna cike rahoto daga ofis. Wa kuma ake saya wa motar da ta fi kowace iya daji? Wanda zirga-zirgarsa daga gida ce zuwa ofis zuwa filin jirgi, a kan titunan Abuja ko na babban birnin jiha. In ya je mazaɓa, sau nawa a shekara, kuma har ina yake shiga? Motar da ke buƙatar birni an ba ɗan birni da sunan daji, na daji kuma an bar shi a ƙasa.

Wani abin da ya fi damuna shi ne abin da jin daɗin motar ke yi wa mai ita. Hausawa suka ce jiki magayi. Ƙafafun 300 an yi su ne don su haɗiye rami. Gilashi a rufe, sanyi na busawa, mai girma yana baya yana duba waya, bai san an wuce wurin da tirela ta faɗi jiya ba. Mutumin da ke da hannu a kasafin gyaran hanya shi ne aka saya wa abin da zai hana shi jin hanyar. A ce lalacewar hanya ce hujjar sayen motar, wannan amsa laifi ne, ba kariya ba.

Idan kuma aka tashi yi wa karkara abin kirki, sai a sake yin kuskuren ta wata fuskar. A sayo motocin asibiti masu ƙyalli, a jera su a filin taro, a yanka ƙyalle. Bayan shekara biyu ka leƙa bayan sakatariyar ƙaramar hukuma ko harabar babban asibiti, za ka same su a kan duwatsu, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashi. Ka tambaya, a ce maka wani ɗan abu ne ya lalace, an rubuta takarda, ba a saki kuɗi ba. Sayen mota kwangila ce, akwai mai samu. Gyaranta kuwa wahala ce da babu wanda ke ɗaukar hoto a kanta. Ga shi kowace gwamnati da irin motar da take kawowa, yau ta Japan, gobe ta Sin, jibi ta Koriya, babu makanikin da zai ƙware a kan ɗaya kafin a sauya.

Mun taɓa yin abin da ya fi wannan hankali. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, gwamnati ta mayar da 504 motar aikinta, daga babban sakatare har ƙasa. Ba don 504 ta fi kowace mota a duniya ba ne ta yi ƙarko a nan. Don ta yi yawa ne har kowane gari ya samu wanda ya iya ta, kowace kasuwa ta samu kayanta. Ƙarkon mota rabinsa a masana'anta ake yin sa, rabinsa a garin da za ta zauna. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da hukumar da ke kula da ita suna iya tilasta a amsa tambayoyi kaɗan kafin a sa hannu: a wace hanya motar za ta yi aiki, ina garejin da ya fi kusa da zai iya buɗe ta, nawa za ta ci a shekara goma ba ranar saye kaɗai ba. Jiha ta zaɓi ƙira ɗaya ko biyu masu sauƙi don aikin karkara, ta tsaya a kansu ko gwamna ya sauya. Umarnin shugaban ƙasa na 2017 da ya ce a fifita kayan gida ma yana nan, ga masu haɗa motoci irin Innoson a Nnewi. Sai dai su ma a yi musu tambayoyin nan, kada kishin ƙasa ya zama dalilin ajiye wata motar a kan duwatsu a Gumel.

Ban yaudari kaina cewa tsohuwar ƙira za ta dawwama ba. A 2023 Toyota ta sa wa 70 ɗin kanta injin lita 2.8 mai turbo da kwamfuta, da giya mai sauya kanta, kuma can aka nufa. Motocin da ke shigo mana na hannu ma duk masu birenbos ne. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa kowace mota ramin da ake jona na'urar bincike. Yaron da ke koyon aiki a gareji yau, in iyakar iliminsa kafireto ne da fulogi, an cuce shi. Ƙaramar na'urar binciken ba ta fi wayar hannu tsada ba, kuma na ga samarin da suka koyi karanta ta suna gyara abin da ogansu ya ce sai an sauke inji. Abin da ke tare musu hanya shi ne bayanan da kamfanoni ke ɓoyewa: taswirar wayoyi, ma'anar lambobin matsala, manhajar da ake saita sabon kayan gyara da ita. Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera motoci buɗe wa garejoji masu zaman kansu waɗannan bayanai tun dokarta ta 2007, jihar Massachusetts ta Amurka ta yi tata a 2012. Gwamnatocinmu, na tarayya da na jihohi, suna cikin manyan masu sayen sababbin jif a Afirka ta Yamma, kuma mai sayen ɗaruruwa a lokaci guda yana da bakin kafa sharaɗi. A rubuta a cikin kwangilar cewa dillali zai horar da makanikai a kowace shiyya ta jihar, ya ba kwalejojin fasaha na'urar bincike da littafin gyara, ya ajiye kayan da suka fi lalacewa a cikin jihar na tsawon shekarun da motar za ta yi aiki. Dillalin da ya ƙi, a sayi ta wani.